Katangar da Ta Miƙe

Ranar Lahadi da sassafe Dorcas Sunter ta biya ta shingen gari a kan hanyarta ta zuwa coci, da bokitin ruwa a hannu. Kwaɗo a kulle, ƙofa a rufe, ciyawar jiya tana nan a kwando. Rago ne babu.

Ta ajiye bokitin ta tsaya. Ba ta yi ihu ba, don ba ta cikin mata masu ihu. Ta dai ce, "Ya Ubangiji," a hankali, saboda tun kafin ta juya ta san sunan da gari zai kira.

A Skelby haka ake yi tun ba a haifi kakannin kowa ba. Asabar ɗin ƙarshen Oktoba a yi gasar raguna, wanda ya ci a ɗaura masa jan ƙyalle a ƙaho, a zagaya gicciyen dutse na tsakiyar kasuwa da shi, sannan a kai shi shinge a bayan makabartar coci. Can zai kwana huɗu, ranar Laraba a buga ƙararrawar kasuwa a yi gwanjonsa. Shingen ɗan wuri ne zagaye da katanga, dutse kan dutse, ba siminti ba laka, an gina shi ne don tsare dabbar da ta ɓata har mai ita ya zo. Wanda ke riƙe da mabuɗinsa shi ne mai bin sawun gari. Kakan Dorcas ya riƙe, ubanta ya riƙe, da ya rasu ba ɗa namiji aka ba ta ana gunaguni. Shekara talatin ke nan, kuma har yau in tunkiya ta ɓace a kan tudu ita ake buga wa waya.

Mabuɗi biyu ne. Ɗaya a aljihunta. Ɗayan na kasuwa ne, yana hannun ma'aikacin da ke ba ragon abinci. Ma'aikacin kuwa ɗanta ne, Ellis, wanda shekara shida da suka wuce aka kama shi da tumakin sata a motarsa, ya yi wata goma sha takwas a gidan yari.

* * *

Kafin a gama waƙar farko a coci babu wanda bai ji ba. Ba wanda ya ce mata komai, sai dai matan da ta saba zama kusa da su suka ga littafinsu ya fi fuskarta abin kallo. Mutum ɗaya ne ya yi mata magana, Baba Enoch Dinsdale, dattijon coci, mai shekara saba'in da tara, wanda ke miƙa littattafan waƙa a bakin ƙofa. Yatsunsa uku a naɗe da filasta. Ta ɗauka sanyi ne ya fasa masa su. Ya miƙo mata nata ya ce Allah ya sassauta, yarinya. Shi ya riƙe ta a hannu ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa har ta yi furfura bai daina ce mata yarinya ba.

Da aka tashi, Gideon Hugill ya tare ta a tsakanin kaburbura. Shi ne mai ragon, shi ne kuma shugaban kwamitin kasuwa. Bai ɗaga murya ba, irinsu ba sa bukata. Ya tuna mata ita ta taka har gidansa wata uku da suka wuce ta roƙe shi ya ba Ellis aiki, matarsa ta hana shi, ya ƙi ji. Ya tuna mata ɗan gidan da Ellis ke ciki da matarsa da 'yarsa na kasuwa ne.

"Ba a fasa kwaɗo ba, Dorcas. Ke kuma kowa ya san ba za ki yi ba. Ki lissafa wanda ya rage."

Ta ce ya ba ta lokaci.

"Laraba, ƙarfe goma. In aka buga ƙararrawa ba rago a gindin gicciye, ya bar mini mabuɗin kasuwa da na gida a kan tebur. Ba zan kai shi kotu ba, saboda ubanki."

* * *

Ta tarar da Ellis yana yanka wa 'yarsa Ivy burodi. Matarsa Tamsin na tsaye a jikin taga ta naɗe hannu, ido jajur. Ita ta riga ta faɗa tun ranar da ya fito daga gidan yari, in irin wannan ta sake faruwa za ta kwashi 'yarta ta koma birni wurin iyayenta.

Ellis ya ce ya ba rago ciyawa da magariba, ya kulle, ya dawo gida, bai sake fita ba. Tamsin ta ce haka ne. Dorcas ta ji, ta gyaɗa kai. Da ta zo fita sai ta ga takalmansa na roba a bakin ƙofa. Hannunta ne ya yi aikin da ya saba, ta sunkuya ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta duba laka da ciyawar da ke maƙale a ƙarƙashi.

Da ta ɗago, yana tsaye a bayanta da wuƙar burodi a hannu.

"Kin ga abin da kike nema, Mama?"

Ta ce aikinta ne, kowa ma za ta duba nasa. Ya koma ciki ya ja ƙofa a hankali.

Lakar ta bakin shinge ce kawai, ba ta tudu ba, ba ta bakin kogi ba. Ta tafi gida da wannan, kuma ta san abin da ta bari a bakin ƙofar nan ya fi shi nauyi.

* * *

Ɗan sanda ya zo Litinin da safe daga babban gari, tunda ofishinsu na Skelby an mayar da shi shagon sayar da tsofaffin kujeru. Ya ɗauki hoton kwaɗo, ya rubuta sunan Ellis, ya sha shayi a gidan Gideon ya tafi.

Dorcas ta jira ya wuce, ta durƙusa a bakin ƙofar shinge. Ruwan Juma'a ya bar ƙasa da laushi, komai a rubuce yake. Ga sawun Ellis ya shiga ya fito. Ga nata. Ga kofaton rago ya shiga ranar Asabar, yana turjewa. Na fitowa babu ko ɗaya.

A mashaya an riga an gama wannan lissafin, wai ɗaukarsa aka yi a kafaɗa. Masu faɗin haka ba su taɓa ɗaga ragon da ya ci gasa ba. Ƙarti biyu sai sun yi nishi, kuma takalminsu sai ya nutse har idon sawu. Babu takalmin da ya nutse.

Mai sayar da jarida ya ce shi dai ya ga motar masu yawo da dawaki ta wuce da asuba. Kowace shekara suna sauka a bakin kogi lokacin gasa, kuma kowace shekara ko cokali ya ɓata a gari su ne. Dorcas ta gangara. Uwarsu, Sinfi Lovell, tana zaune a matakalar motar kwanansu tana feraye dankali.

"Mai bin sawu," in ji ta, "kin zo leƙa tukunya? Dankali ne da albasa. In kin ga ƙaho a ciki ki faɗa mini, ni ma ina so."

Ta buɗe mata motar dawakin da kanta. Kashin doki, gashin doki, ko zaren ulu ɗaya babu. Sinfi ta ce bana ai sun huta, gari ya samu ɓarawonsa na gida, ba ya bukatar na aro. Da ta ga fuskar Dorcas sai ta zuba mata shayi. Suna sha ta ce mijinta ya je ɗiban ruwa a famfon bakin makabarta ranar Lahadi gari bai gama wayewa ba, ya ji ƙaf, ƙaf, ƙaf, dutse na taɓa dutse, a natse, ba gaggawa. Ya ɗauka kabari ake gyarawa, ya cire hula ya wuce.

Ba a yi mutuwa a Skelby ba tun watan Agusta. Dorcas ta ajiye wannan a ranta, ba ta san inda za ta sa shi ba.

Daga nan ta je wurin Cuthbert Pratt, wanda ragonsa ya zo na biyu, ya kuma faɗa a gaban kowa cewa alƙalan gasa sun ci abincin rana a gidan Gideon. Ta same shi da ciwon kai na kwana biyu. Mai mashaya ta ce a kan bencinta ya kwana daren Asabar, ita ta lulluɓe shi da mayafin tebur, kuma a halin da yake ciki ko hularsa bai iya ɗauka ba balle rago.

Litinin ta ƙare. Tamsin ta fara neman kwalayen haɗa kaya a shaguna.

* * *

Talata da hantsi Dorcas ta koma shinge, ba don tana da abin dubawa ba. Ta buɗe ta shiga da ɗan burodi da cuku a takarda. Tun tana 'yar shekara biyar, in ubanta ya zo da ita, wuri ɗaya take zama, can ciki ta gefen gabas, inda katangar ta yi tumbi ta turo ciki. Wani dutse mai faɗi ya fito a wurin, daidai ƙugu, mutum ya jingina ya huta. Ubanta ya shekara arba'in yana faɗa wa kwamiti tumbin nan zai zube wata rana ya kashe dabbar wani, suna cewa sai baɗi.

Ta zauna, ta yi addu'ar abinci, ta jingina.

Bayanta bai sami dutsen ba.

Ta juya. Katanga a miƙe take tun daga ƙasa har sama, kamar an ja zare. Gansakuka na kallon waje yadda ya kamata, duwatsun saman katanga a jere, kowane dutse ya hau kan biyu. In ba wanda ya san wurin da bayansa ba, ba mai cewa an taɓa. Wajen taku ɗaya da rabi an sauke shi har ƙasa, an fitar da rago ta nan, an mayar. Kuma wanda ya mayar ya kasa mayar da shi a karkace. Hannunsa ya ƙi.

Ta ajiye burodin. Ɗanta ko bulo biyu aka ba shi ya ɗora sai ɗaya ya faɗo.

Ta zagaya baya. An tattaka ciyayi, sannan an bi da sanda an tattashe su. Ga ƙananan tsakuwa da ake cusawa a cikin katanga, an tara ragowar wuri ɗaya tsaf. Ga kofaton rago, tafiya yake a natse, ba jan sa ake yi ba, yana bin bokiti, don ga 'yan ƙwayoyin dusa sun zuba nan da can. A gefensa sawun mutum ɗaya, da ramin sanda a hannun dama, ƙafar hagu tana gajarta taku.

Ta bi. Sawun ya shiga tsohuwar hanyar da ake koro dabbobi kasuwa a zamanin da, wadda yanzu sai masu yawon shan iska. Ƙofar gona ta farko a rufe, an ɗaure. Ta biyu haka. Ta uku ma. Ɓarawon da ke gudu ba ya tsayawa ɗaure ƙofa. Wannan kuwa ko wuta ke bin sa ba zai bar tumakin maƙwabci su fita ba.

Tun a ƙofa ta biyu ta san inda za ta, amma ta bi har ƙarshe, don ubanta ya koya mata kada ta faɗi abin da ƙasa ba ta gama faɗa ba. A can saman tudu ta tsaya a bayan katanga ta leƙa. Tumaki goma sha huɗu suna kiwo. Biyar daga ciki gindinsu ruwan ɗorawa.

Kowane makiyayi a ƙasar nan, kafin ya saki rago cikin tumaki, sai ya kwaɓa launi da mai ya shafa masa a ƙirji, don duk tunkiyar da ya hau ta fito da alama, a san ranar da za ta haihu. Ragon gonar nan kuwa ya mutu tun bikin Ista. Dorcas ce ta bi sawunsa ta samo gawarsa a kwazazzabo.

Hayaƙi na fita daga gidan. Ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta sauko ta je ta ce wa Fasto Wilding ya tara mata kwamiti ƙarfe biyar, a kira duk wanda aka ambaci sunansa.

* * *

Ɗakin taro na saman rumfar kasuwa sanyi gare shi, ga sunayen ragunan da suka ci gasa tun shekara ɗari da wani abu a rubuce a allo. Gideon a bayan tebur. Cuthbert a gefe. Sinfi Lovell ta ƙi zama, ta ce kujerunsu ba su saba da ita ba. Ellis ya tsaya a bakin ƙofa da rigar aiki, kujerun da ke kusa da shi babu kowa. Baba Enoch na zaune a layin gaba inda ya saba, hannu biyu a kan sanda.

Dorcas ba ta iya jawabi ba, ba ta kuma yi ba. Ta ce rago bai fita ta ƙofa ba, don haka a daina maganar mabuɗi. Ta ce motar Lovell ba ta taɓa ɗaukar tunkiya ba, Cuthbert kuma kowa ya san inda ya kwana. Aka ɗan yi dariya. Ta jira ta lafa.

Sannan ta tambayi Gideon shekara nawa ubanta ya yi yana roƙon a gyara tumbin katangar shinge. Ya ce wannan ba lokacin tsohon zance ba ne. Ta ce ya aika a dubo, an gyara.

"Mutum nawa suka rage a garin nan da za su sauke katanga su mayar kafin gari ya waye, ba ko dutse ɗaya da ya yi saura? Da su uku ne. Ɗaya na makabarta, ɗaya na gidan tsofaffi, ba ya gane 'ya'yansa."

Ba wanda ya kalli layin gaba, kuma wannan ma kallo ne.

"Baba Enoch," ta ce, "wa ya shafa wa tumakinka biyar ruwan ɗorawa?"

Tsohon ya daɗe yana kallon yatsunsa masu filasta.

"Kin daɗe, yarinya. Da ubanki ne, tun Lahadi da rana yana ƙofar gidana."

Ya faɗi sauran ba tare da an tambaye shi ba. Shekarar da cutar dabbobi ta zo, aka harbe garkensa duka aka ƙone a gabansa, tumaki ɗari uku, irin da ubansa da kakansa suka raina. Tunkiya ɗaya ce ta tsira, don ya sayar wa uban Gideon ita kafin cutar. Ragon nan jinin tunkiyar ne, shi ya gane fuskar tun daga nesa. In aka yi gwanjo Laraba wani daga kudu zai saya, shi ke nan. Ya je ya roƙi Gideon aron mako ɗaya, Gideon ya ce ragonsa ba na tsofaffin tumaki ba ne. Tsohon ya ce niyyarsa Laraba da asuba ya mayar da shi, ya wanke masa ƙirji.

Cuthbert ya ce to me ya kai shi shafa launi, tunda sata ya yi.

Baba Enoch ya dube shi kamar ya yi tambayar yara. "In ban shafa ba, ta ina zan san ranar haihuwa?"

Nan dariya ta ɓarke, ta gaske, irin ta mutanen da suka ji sauƙi. Wani ya ce fiye da shekara arba'in kwamiti ya kasa, Baba ya gama kafin karin kumallo. Wani ya ce a ba shi ragon shekara mai zuwa, ko zai gyara katangar makabarta. Har Gideon sai da ya rufe baki da hannu.

Dorcas ba ta yi dariya ba. Ta ce tambaya ɗaya ta rage mata.

"Ranar Lahadi ka miƙo mini littafi, ka san abin da ake faɗa a kan ɗana. Litinin ka ji matarsa na neman kwalaye. Ka yi shiru."

Tsohon ya motsa a kujera. Ba mugu ba ne, shi ya sa ya faɗi gaskiya.

"Na ce a raina kwana uku ne. Shi an riga an san shi da abin, ba wani sabon tabo zai samu ba."

Ta juya ta kalli ɗakin, tana jira wani ya ji abin da ta ji. Fasto Wilding ya miƙe ya yi magana mai daɗi a kan yafiya, da tsufa, da abin da manoma suka sha a shekarar cuta. Duk gaskiya ne. Gideon ya ce shi bai ga sata a nan ba, aro ne ba a gaya masa ba, kuma ba sai an sake damun ɗan sanda ba. Aka amince. Mutane suka fara tashi, biyu suka kama wa Baba Enoch hannu zai sauka matakala.

Gideon yana sa rigar sanyi ya tuna. Ya ce wa Ellis gobe ƙarfe shida ya zo, akwai aiki da yawa. Ya ƙara da cewa mabuɗin shinge dai daga yau a ofis zai riƙa kwana, don a huta da surutu.

Ellis ya zo har gaban tebur. Ya ajiye mabuɗin shinge, ya ajiye na kasuwa, ya ajiye na gida. Sinfi Lovell kaɗai ta matsa ta ba shi hanya da zai fita, ta ɗan taɓa masa kafaɗa.

* * *

Laraba ƙarfe goma aka buga ƙararrawa. Rago na gindin gicciye da jan ƙyallensa, ƙirjinsa bai gama wankuwa ba, mutane na nuna wa juna suna murmushi. Tashar bas tana tsallaken titi, daidai gaban shagon tsofaffin kujeru, Ellis da Tamsin da Ivy suna can da jakunkunansu.

Dorcas ta kawo wa Ivy safar ulu da ta saƙa, da burodi a takarda. Ta ce wa Ellis an wanke shi a gaban kowa, ya tsaya, wata biyu ma maganar ta mutu. Ta ce kada ya bari su kore shi daga garin ubansa.

Ya karɓi burodin ya sa a jaka. Ya ce ya gode da ta hau tudun nan da gwiwarta mai ciwo, ya san ba don rago ta hau ba.

"Su na san abin da suke gani in sun kalle ni, Mama, ban zo da wani zato ba. Ke ce ban yi zaton za ki juya mini takalmi ba."

Ta buɗe baki za ta ce aikinta ne. Ta rufe, don ta san ba ta juya na Gideon ba, ba ta juya na Fasto ba, yatsun Baba Enoch kuma ta gan su da idonta ta ce sanyi ne.

Bas ta zo. Ivy ta manna fuska a gilashi tana ɗaga hannu har suka sha kwanar gada. A bayan Dorcas mai gwanjo na ta zuba, mutane na tafawa.

Da ƙarshen watan Maris ya zo tumakin Baba Enoch biyar suka haifi bakwai, kuma a ranakun da ya faɗa suka haihu. Rabin gari sun hau tudu kallo. Masu yawon buɗe ido in sun zo yanzu ana kai su bayan makabarta a nuna musu katangar, a ba su labarin tsohon da ya kasa barin ta a karkace. Ba a sa sunan Ellis a ciki, labarin ya fi daɗi a haka.

Dorcas tana riƙe da mabuɗinta, in an kira ta tana zuwa. Ta daina shiga shinge cin burodi. Kowace safiya tana roƙon Ubangiji ya ba ta zuciyar yafewa, don an umarce ta, kuma tana gaya masa gaskiya cewa ba ta zo ba tukuna. Ellis na buga waya ranar Asabar, ya ba Ivy su yi hira, shi ya ce lafiya lau, aiki ne da yawa.

Ranar Lahadi Baba Enoch na nan a bakin ƙofar coci da littattafan waƙa. In ta iso yakan miƙo mata ɗaya. Ita kuma ta ɗaga masa wanda ta zo da shi daga gida, ta wuce.